Cinikin Tsohon Jirgin Ruwa Mai Inji

Batun kimiyya na wannan mako ya shafi ciniki ne, watau cinikin tsofaffin jiragen ruwa masu inji, irin ƙananan nan na katako waɗanda masu hali na Amurka da Turai suka riƙa shan iska a cikinsu bisa tafkuna da koguna, tun daga wajen shekarar 1920 har zuwa bayan 1960. Jiragen nan ba na ɗaukar kaya ba ne, ba kuwa na su ba ne. Tsawon yawancinsu daga ƙafa 16 ne zuwa 28, suna da kujeru da sitiyari kamar na mota, injin kuwa yana ɓoye a tsakiya ko a baya. Da ya ke yayinsu ya wuce, waɗanda suka rage sun zama kayan marmari, ana saye ana sayarwa kamar yadda a ke yi da tsofaffin motoci. Wani ya kan sayi ɗaya ya more shi shekara da shekaru, in ya tashi rabuwa da shi ya mai da kuɗinsa. Wani kuwa ya kan zuba abin da ya daɗe yana tarawa, daga baya ya tarar itacen girki ya saya, an dai shafe masa shi da man ƙyalli. Bambancin mutanen nan biyu ya kan kasance a wurin da kowannensu ya sa ido kafin ya biya.

Jirgin da mai neman irin waɗannan ya fi saurin cin karo da shi a kasuwa shi ne na kamfanin Chris-Craft. Wani maƙerin jirage mai suna Christopher Columbus Smith shi da 'ya'yansa suka kafa kamfanin a garin Algonak na jihar Mishigan, a ƙasar Amurka, ya kuwa ɗauki sunan nan a cikin shekarun 1920. Abin da suka yi fice da shi shi ne ƙera jirage da yawa a jere, kamar yadda masana'antun mota na Ditiroit ke yi kusa da su, don farashi ya sauko har ma'aikaci mai albashi ya iya saye. Sun ci gaba da aikin katako har farkon shekarun 1970. Katakon da suka fi amfani da shi daga tsibiran Filifin a ke kawo shi, 'yan kasuwa suna kiransa mahogani, ko da ya ke a wurin masana itatuwa ba dangin mahogani ba ne. Mahogani na ainihi a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ya ke tsirowa, danginsa na kusa kuwa suna Afirka ta Yamma, ɗaya daga cikinsu shi ne madacin nan da kowane Bahaushe ya san ɗacin ɓawonsa. Ƙanen madaci na kurmin Gana da kudancin Nijeriya ya daɗe yana shiga jiragen Turawa.

Idon wanda bai saba ba a kan saman jirgi ya ke fara sauka, domin nan ne kyau ya ke: jan katako yana walƙiya, ƙarafa suna ɗaukar ido, kujeru an sake musu fata. Amma duk waɗannan su ne mafi sauƙin gyara, mai sayarwa kuwa ya san haka. Inda kuɗi ya ke nutsewa shi ne gindin jirgi, watau sashen da ke cikin ruwa, da haƙarƙarin da ke riƙe da shi.

Don a gane dalili sai a san yadda aka yi gindin nan tun farko. Rufi biyu ne. An jera siraran katakai a karkace daga ciki, aka shimfiɗa zanen tamfol da aka jiƙa da wani irin mai a kansu, sa'an nan aka jera katakai masu kauri daga waje, daga goshi zuwa baya, aka ɗaure duka a jikin haƙarƙari da ƙusoshi masu murɗi na tagulla. Ba a manne katakan da juna ba. An dogara ne ga wata ɗabi'a ta itace, watau in ya sha ruwa ya kan kumbura ta faɗinsa, amma ta tsawonsa kusan ba ya ƙaruwa. Saboda haka in damina ta jirage ta zo, watau lokacin zafi a ƙasashen nan, sai a saka jirgi a ruwa a bar shi kwanaki yana yoyo ana kwalfewa, har katakai su kumbura su matse juna, yoyo ya tsaya. In sanyi ya shigo a fitar da shi, ya bushe, katakai su tsuke. Wannan kumburi da tsukewa shi ne ke cin jirgin a hankali. Kowace shekara gefen katako ya kan danni na ɗan'uwansa har zaren itacen ya murƙushe, wanda ya murƙushe kuwa ba ya komawa yadda ya ke. Shekara mai zuwa tsagar ta fi ta bara faɗi. Haka kuma ramin kowace ƙusa ya kan yi ta buɗewa, tamfol ɗin da ke tsakani ya bushe ya ruɓe. Maƙeran ba su yi gindin nan don ya shekara saba'in ba. Jirgin da aka ce har yanzu gindinsa na asali ne, ba a taɓa shi ba, mai sayarwa ya kan faɗi haka da alfahari, amma mai saye ya kamata ya ji maganar a matsayin bashi ne da zai gāda.

Abu na biyu shi ne ruɓa. Ruwa da kansa ba ya ruɓar da itace. Wata irin fumfuna ce mai rai ke shiga cikinsa tana cin zarensa, tana kuwa bukatar abu uku, danshi da iska da ɗumi. Masana sun auna sun ga cewa in danshin da ke cikin katako bai kai kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa ba, fumfunar nan ba ta iya yaɗuwa. In kuwa katako ya nutse sarai cikin ruwa, iska ta yanke mata, nan ma ba ta samun sakewa. Wurin da ta fi so shi ne tsaka-tsaki, inda ya ke jiƙe kullum amma iska tana ɗan shiga: kusurwoyin allon baya, da gindin goshi, da inda gefe ya haɗu da gindi, da ƙarƙashin inji, da ƙarshen kowane haƙarƙari. Wani abin mamaki kuma, ruwan sama da ruwan tafki sun fi ruwan teku ruɓar da katako, gama gishiri yana hana fumfuna ƙarfi. Jirgin da aka ajiye a bayan gida shekara biyar an lulluɓe shi da leda, ruwan sama yana ɗiga ciki rana tana dafa shi, ya fi wanda ke aiki kullum zama cikin hatsari.

Ruɓar nan daga ciki ta ke farawa, fuskar katako kuwa ta kan zauna lafiya lau a ƙarƙashin fenti. Shi ya sa gwanayen binciken jirage su ke tafiya da 'yar guduma ta roba ko ta katako. Su kan bi jikin jirgi taki-taki suna ƙwanƙwasawa suna kasa kunne. Lafiyayyen katako yana amsawa da kaifin sauti, guduma ta yi tsalle ta dawo. Ruɓaɓɓe kuwa sautinsa ya kan mutu, kamar an bugi tulun da ya tsage. Inda suka yi shakka sai su sa basilla su danna daga ciki, wurin da ba zai ɓata ado ba. In ta shige ba da wahala ba, ko ta ɓantaro itace gutsi-gutsi maimakon dogon sili, magana ta ƙare. Akwai kuma ma'aunin danshi na lantarki wanda a ke ɗorawa a jikin katako, amma ƙarfen da ke kusa da gishirin da ke cikin itace su kan ruɗe shi, don haka gwani ba ya yanke hukunci da shi kaɗai.

Sai ƙusoshi, waɗanda dubbai ne a jirgi guda, da yawa daga cikinsu an rufe kansu da ɗan toshin katako. Tagullar da aka yi su da ita gamin jan ƙarfe ne da tutiya. In ta daɗe cikin jiƙaƙƙen itace, tutiyar ta kan narke ta fice a hankali, ta bar jan ƙarfen shi kaɗai, mai ƙofofi kamar soso. A ido ƙusar tana nan da siffarta, sai dai launinta ya juya daga rawaya zuwa ja-ja, da an murɗa ta kuwa sai kai ya cire. Ba wata hanyar sanin wannan sai an zaro waɗansu an gani. Saboda haka mai bincike ya kan nemi izinin mai jirgi ya cire kamar shida ko goma daga wurare dabam-dabam a ƙarƙashin layin ruwa. Masu gyara na yanzu suna amfani da wata irin tagulla da aka haɗa da silikon, wadda kusan babu tutiya a cikinta, ita ba ta wannan ciwo.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa ba a yarda a duba jirgi yana cikin ruwa kaɗai. Wanda ya kwana biyu a tafki katakansa sun kumbura, tsagoginsa sun rufe, yana zaune daram kamar sabo, sayensa a wannan hali cinikin biri a sama ne. Sai an ɗaga shi an ɗora bisa tudu, mutum ya tsuguna a goshi ya miƙa ido tare da ƙashin bayansa har ƙarshe. Ƙashin bayan nan ya kamata ya tafi sak. In ya lotsa ko ya yi doro, alama ce jirgin ya daɗe bisa tirelar da ba ta tallafe shi daidai ba, ko kuwa haƙarƙarinsa sun saki. In an tarar an lulluɓe tsohon gindi da rufin zaren gilashi da ƙaro, wannan ma abin tsoro ne. Dabara ce da mutane da yawa suka yi don su huta da yoyo, amma katakon da ke ciki yana nan yana motsinsa, ruwa ya sami hanya ya shiga, ya rasa ta fita, ruɓa ta yi ta aikinta a ɓoye. Gyaran da a ke yarda da shi yanzu shi ne a kife jirgi, a cire gindin duka, a sake haƙarƙarin da suka mutu, a sa sabon rufin ciki, a shimfiɗa manne mai taushi irin wanda a ke kira 3M 5200, kana a jera sababbin katakai. Waɗansu kuma da ƙaron ifoksi su ke yi. Jirgin da aka yi wa wannan aiki ba ya bukatar jiƙo. Amma faɗar mai sayarwa ba ta isa ba, sai ya kawo hotunan aikin da takardun wanda ya yi shi.

Batun inji bai kai na katako wuya ba, domin yawancinsu 'yan'uwan injin mota ne, kowane ƙwararren makanike kuwa ya san hanyarsu. A cire fulogogi a auna matsin kowace silinda. In wata ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi ɗaya cikin goma, akwai aiki a gaba. A zaro ma'aunin baƙin mai. In man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Bambanci ɗaya da mota shi ne tsofaffin jiragen nan ba su da lagireto, ruwan tafkin su ke zuƙa ya zaga inji ya fita. In sanyi ya zo aka manta ba a tsiyaye shi ba, sai ya daskare a ciki, ruwa kuwa in ya zama ƙanƙara ya kan ƙaru da wajen kashi 9 cikin ɗari, ƙarfinsa ya isa ya tsaga ƙarfen inji. Don haka a kan bi jikin injin da tocila ana neman tsaga ko tabon walda. Wanda ya yi aiki a teku kuma gishiri ya kan ci shi daga ciki.

Akwai wani sashe da ya wuce batun asarar kuɗi, ya kai ga rai. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota in tanki ya ɗiga, fetur ya zuba a ƙasa iska ta kwashe. A jirgi kuwa ba shi da mafita, sai ya kwanta a can ƙasan ciki, kusa da inji da wayoyin lantarki, tartsatsi guda ya ishe shi. Tsohon tanki mai tsatsa, da tiyon roba da ya bushe, da wayoyin da rigarsu ta zube, kowannensu ya isa ya tashi jirgi da mutanen da ke cikinsa. Fetur ɗin da a ke sayarwa yanzu a Amurka da Turai an gauraya shi da sinadarin itanol, wanda ke cin irin robar dā. Shi ya sa a ke sa fanka mai zuƙe tururi, a kan kuma bar ta tana aiki minti 4 kafin a ta da inji. Mai saye ya lissafa sabon tanki da tiyo da waya cikin kuɗin da zai kashe, sai fa in an nuna masa shaidar an riga an sake su.

Jiragen da suka biyo bayan na katako, watau na zaren gilashi da ƙaro, su ma waɗansunsu sun tsufa sun shiga sahun kayan tarihi, kamar Bertram mai ƙafa 31 wanda ya fito a 1961. Mutane su kan ɗauka irin waɗannan ba su ruɓa. Fatar ce ba ta ruɓa. A cikin allon baya da daɓen jirgi da dogayen sandunan da inji ke zaune a kansu, a yawancin jiragen zamanin nan katako ne aka binne, in ruwa ya bi ramin ƙusa ya same shi sai ya zama kamar dusa. Gudumar nan dai ita ce ke tona shi, tare da taka daɓen a ji ko yana lotsawa.

In an gama da lafiyar jirgi sai a koma ga asalinsa, gama a kasuwar kayan tarihi asali ma kuɗi ne. Kowane Chris-Craft yana da lamba da aka buga a jikin katakonsa. Takardun kamfanin na dā suna ajiye a gidan tarihin jiragen ruwa da ke Niyufot Niyus a jihar Birjiniya, a cikinsu har da katin da aka rubuta wa jirage ɗaya-ɗaya ranar da suka bar masana'anta, mai nuna irin jirgin, da lambar injinsa, da dillalin da aka aika wa. Wanda ya aika da lamba ya biya ɗan abin da aka yanka, a kan aiko masa da kwafin katin. Da shi a ke gane ko injin da ke ciki shi ne na asali, da shi kuma a ke kama jirgin da aka sāke wa kama don ya yi kama da wani mai tsada. Akwai dalilin yin wannan algus, domin samfurin da aka ƙera tsakanin 1939 da 1942, mai baya kamar rabin ganga, ya ninka na yau da kullum daraja. Jiragen da aka ƙera daga ƙarshen 1972 kuwa, dokar Amurka ta tilasta a buga musu lamba mai harufa da alƙaluma 12 a allon baya.

Ƙungiyar masu sha'awar tsofaffin jirage ta Amurka, wadda aka kafa a 1975, ta raba su aji-aji bisa shekaru, ta kuma bambanta jirgin da aka adana da wanda aka sabunta. Kafin a kira jirgi adananne sai kashi 60 cikin ɗari na katakon samansa da na gefensa ya zama na asali. Abin lura a nan shi ne ba a sa gindi cikin lissafin ba. Su kansu masu kishin asali sun yarda gindi abin sakewa ne.

To, yaya a ke yanke farashi? Kuɗin da mai kaya ya rubuta a talla buri ne kawai, waɗansu jiragen su kan shekara biyu da farashinsu a rataye ba wanda ya taya. Abin dogara shi ne kuɗin da aka biya hannu da hannu a kan irin wannan samfuri, mai irin wannan shekara, a kwanan nan, wanda a kan samu daga sakamakon gwanjo da bakin masu gyara. Daga wannan a ke cire kuɗin duk aikin da bincike ya tono. A ɗauki misali, a ce lafiyayyen irinsa yana tashi dala 30,000. Mai gyara ya ce sabon gindi 20,000, inji 6,000, tanki da waya 2,000. Abin da ya rage dala 2,000 ke nan, shi ne darajar jirgin ko da samansa yana walƙiya kamar madubi, ba a ma sa abin da zai ɓullo in an buɗe ciki ba, alhali kuwa da wuya a buɗe tsohon jirgi ba a sami ƙarin ɓarna ba. Sau da yawa lissafin ya kan faɗa ƙasa da sifiri. Dalili kuwa shi ne ladan kafinta bai san sunan jirgi ba. Kwanakin da zai yi a kan gindin jirgi mai araha su ne zai yi a kan mai tsada. Saboda haka ga samfurin da ke da yawa a kasuwa, wanda wani ya riga ya gyara ya fi araha a ƙarshe, gama shi mai gyaran ne ya ɗauki asarar. Haka nan manyan jiragen katako masu ɗakin kwana, ƙafa 35 ko 40, su kan yi arahar da za ta ba mutum mamaki, har a ba da waɗansu kyauta, domin ba su hawa tirela a kai su gida, kuɗin ajiya da na gyara kuwa yana ƙaruwa da kowace ƙafa.

Inda lissafin ya ke juyewa shi ne a jiragen da ba su da yawa, masu neman su kuwa attajirai ne. Misalinsu Riva Aquarama na ƙasar Italiya, wanda Carlo Riva ya fitar a 1962 daga masana'antar gidansu da ke Sarniko a bakin tafkin Iseyo. Yana da inji biyu, tsawonsa ya ɗan wuce mita 8, duka waɗanda aka ƙera har zuwa 1996 kuwa ba su kai 800 ba. A 2011 an yi gwanjon ɗaya daga cikin na ƙarshe a jihar Fulorida, ya tashi kusa da dala miliyan ɗaya. Jirgi irin wannan ko an same shi a ruɓe ya cancanci gyara, muddin lambarsa ta gaskiya ce. Wanda aka yi wa Ferruccio Lamborghini a 1968, mai injuna biyu na motocinsa, ya daɗe a yashe kafin wani kamfanin gyara na ƙasar Holan ya sabunta shi, aka nuna shi a 2013. A irin wannan ciniki takarda da lamba su ne rabin abin da a ke saye, don haka a ke binciken su kamar yadda a ke binciken takardun gida.

Al'adar da masu hankali ke bi a ƙasashen nan ita ce a yi ciniki bisa sharaɗi. Mai saye ya ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa cinikin bai faɗa ba sai gwani ya duba jirgi a tudu an kuma gwada shi a ruwa. Gwanin nan mai saye ne ke zaɓensa, shi ke biyansa, kada ya zama wanda dillali ya kawo, gama la'adar dillali tana rataye ne da faɗuwar ciniki. Ya kamata kuma ya zama wanda ya san katako, domin yawancin masu binciken jirage na yanzu a kan na zaren gilashi suka koyi aiki. Rahoton da ya rubuta shi ne kamfanin inshora zai nema kafin ya karɓi tsohon jirgin katako. A wajen gwaji kuwa a ta da inji yana sanyi, ba wanda aka riga aka ɗumama kafin baƙo ya iso ba, a yi gudu sosai na kamar rabin sa'a, sa'an nan a tsaya a ɗaga katakan daɓe a ga yawan ruwan da ya shigo, domin gindin da ke riƙe ruwa a tsaye ya kan buɗe in igiyar ruwa ta dinga dukansa. In mai jirgi ya ƙi a ɗaga shi bisa tudu, ko ya hana a zaro ƙusa, sharaɗin da aka rubuta ya ba mai saye ikon karɓar kafin alƙalaminsa.